Foliyimaid ɗina ya ƙi narkewa a komai, yaya ake samun mai narkewa kuma mai jure wuta?

Ɗalibar_Folima ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya taɓa aiki da foliyimaid ko aramid, wato folimomin nan masu jure zafi, ya taimaka min da haske, kaina ya ɗau zafi. Bincikena na digiri na biyu a kan folimomi ne, wato sinadarai masu doguwar sarƙa irin na roba, masu zoben benzin a jikin sarƙarsu, irin masu jure wutar nan, kuma abin da aka ce in fitar a ƙarshe shi ne wanda zai narke a ruwan sinadari irin su NMP ko kulorofom, don a iya zuba shi a kan gilashi ya bushe ya zama falle, a kuma yi masa NMR, awon da ke nuna tsarin atom ɗinsa, da awon tsawon sarƙa. Na fara da monoma biyu, wato tubalan da ake gina sarƙar da su, PMDA (dayanhaidiraid) da ODA (dayamin), tunda duk littafin da ka buɗe su za ka fara gani. Matakin farko lafiya lau wlh, foliyamik asid ɗin, wato sarƙar da ake fara samu kafin a rufe zoben imaid, ya yi kauri har sandar juyawa na tafiya da ƙyar, amma ina zuba asetik anhaidiraid da firidin don a rufe zoben imaid, kafin a jima sai ya kama ya daskare, da na wanke na busar ya koma gari ruwan ɗorawa, to daga nan fa shikenan, NMP bai ci shi ba, DMAc bai ci ba, DMSO ma da na ɗora a wuta ko gezau.

Abin da ya fi ɗaure min kai, ina ta ganin takardun bincike suna cewa nasu yana narkewa har a ruwan sinadarin THF, kuma wai ba ya fara lalacewa sai an haura digiri 500 na Salshiyas. To yaya haka? Ni a fahimtata abin da ke hana wuta cin sa shi ne dai ke hana shi narkewa, in ka sassauta ɗaya ai ka sassauta ɗayan ke nan. Ko ba haka ba ne? Sannan in zan sake monoma wanne ya kamata in nema, kuma hanyar mataki biyu zan ci gaba da bi ko in koma ta tukunya ɗaya da ake yi a m-kiresol? Na gode.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, babu abin da ya ɓaci a kwalbarki. Abin da kika haɗa shi ne sinadarin Kapton wanda kamfanin DuPont ya fitar a shekarun 1960, kuma halinsa ke nan, ruwan sinadari na yau da kullum ba ya narkar da shi, wuta ma ba ta mayar da shi ruwa, sai dai in ta yi yawa ya ƙone. Shi ya sa masu yin sa ba sa jira ya zama imaid tukuna, tun yana foliyamik asid suke shimfiɗa shi ya zama falle sannan su rufe zoben a kan shimfiɗar. Da wannan taurin kan nasa yake aiki tun daga digiri 269 ƙasa da sifili har zuwa wajen 400, kuma da wani nau'insa aka yi rumfar kare rana mai falle 5 ta na'urar hangen samaniya ta James Webb da aka harba a Disambar 2021.

Inda lissafinki ya ɗan karkace shi ne kin tara abubuwa uku kin ɗaure su da igiya ɗaya, alhali kowanne da abin da ke riƙe da shi. Akwai zafin da sarƙar kanta ke tsinkewa, wanda TGA, awon raguwar nauyi yayin dumamawa, ke nuna miki, wannan ya danganta ne da ƙarfin haɗin atom da atom a cikin sarƙar, zoben benzin, zoben imaid, oksijin da ke tsakanin zobe biyu, kabon da fulorin, duk waɗannan sai an kai wajen 500 a cikin naitirojin kafin su fara sakin jiki. Akwai kuma Tg, zafin da abin ke fara laushi, shi kuma tambayarsa ita ce sarƙar na iya juyawa a gaɓoɓinta ko ba ta iyawa. Narkewa a ruwan sinadari kuwa magana ce ta daban, maganar yadda sarƙa ke kwanciya a jikin 'yar uwarta ce. To kin ga ana iya taɓa na ukun nan ba tare da an taɓa na farko ba, kuma a nan duk waɗancan takardun da kike karantawa suke cin abincinsu.

Duba PMDA da kyau, shimfiɗaɗɗe ne sumul, zobe uku a jere babu lanƙwasa. Ɓangaren imaid na yunwar ilektiron, ɓangaren dayamin na da rara, sai na wannan sarƙar ya hau kan na waccan su manne, wannan mannewar ce ma ke ba shi launin ɗorawar da kika gani. Kamar faranti ne jiƙaƙƙu da aka jera ɗaya kan ɗaya, ruwa ba shi da ta inda zai shiga tsakaninsu, amma ki sa cokali tsakanin kowane biyu ki gani, farantin bai rage ƙarfi ba, jerin ne kawai ya ƙi zama. Ƙari a kan haka, sarƙa sandararriya ko ta shiga ruwa ba wani 'yancin motsi take ƙaruwa da shi ba, don haka ribar entirofi, wato ta wannan 'yancin motsin, kaɗan ce, ba ta isa ta biya kuɗin raba sarƙoƙin ba.

Misalin da na fi son ba ɗalibai shi ne Kevlar da Nomex, don atom ɗinsu iri ɗaya ne sak, adadi ɗaya, bambancin kawai inda aka ɗaura haɗin a jikin zoben. Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965, haɗin fara ne, wato kai da kai a miƙe, sarƙar ta zama sanda, ga haɗin haidirojin ya ɗinke su gefe da gefe, sai a cikin salfurik asid mai ƙarfin gaske ake narkar da shi a ja zare. Nomex kuwa haɗin meta ne, kowane zobe da 'yar kwanarsa, shi ya sa DMAc da ɗan gishirin litiyam ko kalsiyam kulorayid ke iya ɗaukarsa, kuma duk da haka da shi ake ɗinka kayan 'yan kwana-kwana da na matuƙa jiragen yaƙi.

Hanya mafi sauƙi da mutane suka fara bi ita ce a cusa gaɓoɓi masu lanƙwasa, gadar oksijin, salfon, ko kabon mai ɗauke da metil biyu. Ultem da General Electric suka fitar a 1982 haka yake, dayanhaidiraid ɗin BPADA ne da meta-fenilindayamin, yana narkewa a kulorofom da NMP har ma ana narkar da shi a wuta a zuba a mazubi, amma dubi abin da aka biya, Tg ɗinsa ya sauko 217, alhali na Kapton ya haura 350. A nan kam maganarki gaskiya ce, an sassauta ɗaya ɗayan ya bi shi. Ni dai wannan hanyar ba ta burge ni in har sunan aikin jure zafi ne.

Wadda ta fi wayo ita ce a bar sarƙar da sandarewarta amma a hana ta kwanciya. Ki ɗauki dayanhaidiraid ɗin 6FDA, tsakiyarsa kabon ne mai ɗauke da CF3 (kabon da fulorin uku) guda biyu, ƙatti ne, suna lanƙwasa sarƙar kuma suna tokare juyawa a lokaci guda, sannan suna rage waccan mannewar ta ilektiron, sai ki samu folima mai narkewa, launinsa ya dushe ko ya tafi gaba ɗaya, Tg kuma na wajen 300 in da ODA aka haɗa. Ko tsarin kardo da Korshak da Vinogradova suka yi ta aiki a kansa a Tarayyar Sobiyet, inda ake rataya ƙaton zobe irin fuloren a tsaye a gicciye da sarƙar, atom ɗaya ne ya haɗa su, to wannan narkewa na ƙaruwa Tg ma na ƙaruwa, sau da yawa ya wuce 350. Matrimid 5218 da masu tantanin tace iska ke ji da shi ɗan gidan nan ne ta wata fuskar, dayanhaidiraid ɗin BTDA ne da dayamin mai zoben indan wanda ba shi da daidaito ko ta ina, yana narkewa a NMP da kulorofom da THF kuma Tg ɗinsa ya haura 300. Akwai ma abin mamaki a dayanhaidiraid ɗin BPDA, in kika ɗauki karkataccen, wanda ake ce wa a-BPDA, a maimakon miƙaƙƙen, sai ki ga ya fi narkewa kuma Tg ya fi na miƙaƙƙen tsawo, saboda karkacewar ta hana shi jeruwa kuma ta hana shi juyawa. In kina son ganin ƙarshen wannan dabarar ki nemi folima mai suna PIM-1 na Budd da McKeown na 2004, shi babu ma haɗin da zai juya a kashin bayansa, tsani ne mai kwana-kwana, amma kulorofom na shanye shi cikin sauƙi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, kar ki ruɗu da rataya dogayen sarƙoƙin alkil ko tarin tashiyari-butil don neman narkewa. Za su narkar miki, amma su ne farkon abin da oksijin zai kama in an yi zafi a cikin iska.

Mai_Kwalba ya rubuta:

Malam ya gama da ɓangaren dalili, Allah ya ƙara lafiya, ni bari in shigo ta ɓangaren hannu don gsky a nan ake yin ta. 'Yar uwa kafin ki yarda da duk takardar da ta ce nata na narkewa, ki fara duba kaurin ruwan da suka rubuta. Sarƙa gajera ai dole ta narke, ba abin alfahari ba ne. In awon kauri a 0.5 g/dL bai kai wajen 0.5 dL/g ba, yawanci fallen ba zai yi ba, kina ɗaga shi daga gilashi zai farfashe. Wasu kuma zoben ne bai gama rufewa ba, ragowar amik asid ɗin ne ke riƙe da shi a cikin ruwa su kuma suna murna. Ke da naki zai narke, NMR zai tona komai, layin NH na wajen 10 da na COOH na wajen 12 zuwa 13 dole su ɓace, a IR, awon hasken infrared, kuma ki nemi layukan 1780 da 1720 da 1380 da wajen 725.

Maganar tsawon sarƙa kuwa lissafin Carothers, mai haɗa daidaiton monoma biyun da tsawon sarƙa, ba ya jin magiya. In ɗayan monoma ya gaza ɗayan da kashi 1 cikin 100 kacal, ko komai ya tafi daidai sarƙar ba za ta wuce gaɓa 199 ba, kashi 2 ya dawo da ke 99, kashi 5 kuma 39. Kuma ba sikeli ne ke cutar mutane ba yawanci, danshi ne, dayanhaidiraid na shan danshin iska ya buɗe ya koma asid, kin auna giram daidai amma wani kaso nasa ya riga ya mutu. Don haka ki gasa shi a oban na bakum wajen digiri 150 ya kwana, ko ki sake kiristal ɗinsa daga asetik anhaidiraid, dayamin ma a tsarkake shi, in ya yi duhu ya sha iska ke nan, NMP ɗin kuma busasshe, a ƙarƙashin naitirojin. Ki fara narkar da dayamin tukuna sannan ki riƙa zuba dayanhaidiraid yana gari kaɗan-kaɗan, kar ki juya tsarin, kuma ɗan abin da ya maƙale a bakin kwalba da mazurari ki wanke shi ciki da ragowar NMP, wannan ɗan farin garin da ake rainawa shi ne kashi 1 ɗin da na faɗa. Foliyamik asid kuma ba ya son zama, in ba a ranar za ki rufe shi ba ki sa a firiza a toshe da kyau, in ba haka ba kaurin zai riƙa sauka da kansa.

Tambayarki ta mataki biyu ko tukunya ɗaya, amsar na wajen folimar. Tukunya ɗaya sai wanda zai zauna a narke har ƙarshe, ana yi a m-kiresol a digiri 180 zuwa 200 da ɗigon aisokwinolin, ruwan da ke fita naitirojin na kwashe shi ko a sa toluwin ya ɗauke shi ta tarkon Dean-Stark. Amfaninta biyu, dayamin masu nauyin jiki, irin waɗanda CF3 ya tsotse wa ƙarfi ko waɗanda metil ya tokare wa baki, da sanyi ba sa tafiya amma a wannan zafin suna tafiya, sannan ko ɗan danshi ya buɗe anhaidiraid zafin na iya sake rufe shi. Da kin sa PMDA da ODA a ciki da tun a tsakiyar aiki zai zube ƙasa da gajeriyar sarƙa. Amma m-kiresol fa ba abin wasa ba ne, yana ƙona fata yana kuma shiga jiki ta fatar, ga wari mai naci, sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu mai kauri. Ni in monoma na da kuzari na fi son mataki biyu da asetik anhaidiraid da firidin ɗin nan da kika riga kika iya, a zuba a metanol ya fito zare-zare fari, a wanke sosai. In ya fito gari laushi a maimakon zare, tun nan jikina ke ba ni sarƙar ba ta yi tsawo ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, folima ɗaya tak, in kika rufe zoben da sinadari ya narke, in kika rufe da gashi har 300 a kan gilashi ya ƙi narkewa ko ya kumbura kawai, saboda zafin ya ba sarƙoƙin damar gyara kwanciya, wani lokacin har da ɗan ɗinkewa tsakaninsu. Don haka a teburin narkewarki ki rubuta ta wace hanya aka rufe kowanne. Sannan NMP na tafasa ne a 202, DMAc a 165, kuma suna maƙalewa a cikin falle fiye da yadda kike zato, in kika ga TGA ta nuna raguwar nauyi tsakanin 150 da 250 ba folimar ce ke lalacewa ba, ruwan ne ke fita, kuma shi ɗin zai ja miki Tg ƙasa a DSC, awon zafin da samfur ke sha yayin dumamawa. Ki ɗauki zagaye na biyu na dumamawa, in DSC ta ƙi nuna komai, wanda ya saba faruwa da masu sandarewar nan, ki koma DMA, awon tauri da laushin fallen yayin dumamawa.

Ɗalibar_Folima ta rubuta:

Kai, Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya ƙara girma, Yaya Mai_Kwalba kai ma na gode ƙwarai, maganar garin da ke maƙalewa a mazurari ta shige ni. Yanzu na gane inda aka dosa. To amma 6FDA na da tsada sosai kuma ɗan kaɗan za a iya samo min, akwai dayanhaidiraid biyu, BTDA da ODPA, a ajiye, sannan akwai dayamin mai fuloren ɗin nan. Zan iya gaurayawa ko hakan zai ɓata aikin? Kuma sufabaiza na so in gwada aramid ma da dayamin ɗaya don a kwatanta, amma asid kulorayid ɗin da nake buƙata babu shi, dayasid kawai ke akwai.

Injiniyan_Roba ya rubuta:

Ku yi haƙuri in ɗan kawo cikas, ni daga ɓangaren masu amfani da kayan nake ba masu haɗa su ba. Kullum in na ga ana yabon folima wai tana narkewa a THF da asiton da kulorofom sai in ce to madalla, ranar da aka sa ta a inji mai ko man birki ko ruwan wanki ya taɓa ta fa? Abin da ya narke a kwalbarki zai kumbura ko ya tsattsage a wurin aiki, musamman in akwai nauyi a kansa. Folisalfon da Union Carbide suka fitar a 1965 da Ultem duk muna son su, amma duk wanda ya yi aiki da su ya san ba a haɗa su da ruwan sinadari mai kulorin ko kiton, za ka ga 'yan tsage-tsage sun fito a inda aka ɗaure kusa. Shi ya sa in wuri ya yi wuri folima mai suna PEEK ake nema, wanda ICI suka fara yi a 1978, Tg ɗinsa 143 ne kawai, ƙasa da duk waɗanda kuka lissafa, amma kiristal ɗinsa ba ya narkewa sai 343 kuma a zafin ɗaki in ba salfurik asid mai ƙarfi ba kusan babu abin da ke cin sa. Ko haɗa shi ma sai a cikin dayifenil salfon a wajen digiri 300 don kar ya zube tun sarƙar ba ta yi tsawo ba.

Na biyu, buɗewa da zafi, wato yadda abu ke ƙara faɗi in ya yi zafi. Tagulla na buɗewa wajen kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri, silikon wajen 3. In za ka manna falle a kansu dole nasa ya matso kusa, in ba haka ba allon zai lanƙwashe ko ya ɓare, ga dalmar liƙa kayan lantarki ta zamani marar gubar nan sai an kai wajen 260 a oban. Waɗanda ke da ƙaramar buɗewa su ne miƙaƙƙun nan marasa narkewa irin Upilex-S na kamfanin Ube, BPDA da fara-fenilindayamin. Masu narkewar, da yake an hana su jeruwa, buɗewarsu kan ninka ta tagulla biyu ko uku. Wannan lambar ba kasafai masu takardun ke sa ta a gaba ba.

Ba wai ina cewa aikinki ba shi da amfani ba ne ƙanwata, akwai wuraren da in ba mai narkewa ba babu yadda za a yi. Tantanin raba iskar gas da na wankin ƙoda daga narkakken folima ake jan su su zama zare mai rami, kuma a raba gas wancan filin da ya rage tsakanin sarƙoƙi shi ne ma abin da ake saye. Haka shafi a kan abin da ba zai jure gashin 300 ba, ka shafa wanda an riga an rufe zobensa ka busar da ruwan kawai, babu ruwan imaid da zai fito ya bar ƙuraje a ciki. Haka fuskar waya mai naɗewa, Galaxy Fold na farko a 2019 foliyimaid marar launi aka sa masa a sama. Abin da nake so ki yi shi ne tun yanzu ki san wanne kike nufi a cikinsu, don shi zai gaya miki awon da za ki yi. Kuma ki sa ido a kan ruwan da kike narkarwa da shi, Tarayyar Turai ta ƙuntata amfani da NMP tun 2020 saboda illarsa ga haihuwa, DMF ma ya bi sahu, to folimar da ke narkewa a gama-butirolakton ko saikulofentanon ta fi jan hankalin masana'anta yanzu fiye da wadda sai NMP.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma maganar buɗewa da zafi ki sa ta a aikinki in akwai na'urar TMA mai auna wannan buɗewar. Sai dai zan ƙara masa da cewa akwai masu ƙoƙarin cin biyun, dayamin TFMB misali, sarƙarsa a miƙe take amma CF3 biyun da ke kusa da mahaɗar sun murɗe zoben biyu sun hana su kwanciya a shimfiɗe, shi ya sa masu neman falle marar launi kuma mai ƙaramar buɗewa suke yawan komawa kansa. Akwai kuma dabarar sa wa bakin gajeriyar sarƙa wani rukuni irin feniletinil, a sarrafa ta tana narkewa, sannan a gasa ta ɗinke ta daina narkewa har abada, NASA sun yi aiki mai yawa a kan wannan.

'Yata, gaurayawa ba ta ɓata aiki, ita kanta hanya ce ta samun narkewa, domin sarƙar da gaɓoɓinta ba sa maimaituwa a tsari ɗaya ba ta iya jeruwa. Ga yadda zan yi da a ce ni ne. Ki riƙe dayamin mai fuloren a matsayin ginshiƙi, ki haɗa shi da ODPA shi kaɗai, da BTDA shi kaɗai, da 6FDA shi kaɗai a ɗan ƙaramin awo, sannan ki dawo kan PMDA ɗinki da ya ƙi narkewa ki riƙa musanya ODA da mai fuloren kashi 25, 50, 75, ki ga a ina narkewa ke farawa kuma me Tg ke yi a hanya. Wannan jerin ya fi a ce kin haɗa sabon abu guda ɗaya kin tsaya yabonsa. BTDA dai ki bi shi ta mataki biyu da sanyi, don kiton ɗin tsakiyarsa na iya kama amin a zafin m-kiresol ya daskarar miki da tukunya. TGA kuma ki yi a naitirojin ki yi a iska, duka biyun, ki rubuta saurin dumamawar, don lambar 500 ɗin nan ta 'yan mintuna ce, ba ta nufin abin zai yi shekara a 400.

Aramid kuwa rashin asid kulorayid ba matsala ba ce, hanyar Yamazaki da Higashi ta 1975 da dayasid kai tsaye take aiki. NMP da firidin da tirayifenil fosfayit, a zuba kalsiyam kulorayid ko litiyam kulorayid busasshe, a riƙe a digiri 100 zuwa 120 na 'yan awoyi, gishirin shi ke shiga tsakanin haɗin haidirojin ya riƙe sarƙar a cikin ruwa har ta yi tsawo. In ya yi kauri da yawa a tsakiya ki ƙara NMP kaɗan, kar ki bari juyawa ta tsaya. Bayan kin zuba a metanol ki tafasa shi a ruwan zafi ki sake wankewa, don ragowar gishiri da fosfaras na ɓata sakamakon TGA. Ki fara da aisoftalik asid kafin tereftalik, na farkon meta ne zai fi ba ki haɗin kai, kuma ki sa rai aramid ɗin zai sha danshi fiye da imaid ɗin kuma zai riga shi fara lalacewa a wuta, don haka ki busar da samfurin sosai kafin ki kai shi awo.